Taɓon Guri da Farin Dutse

Da sunan Allah Mai rahama, wanda Yake shimfiɗa ruwa a fadama, Ya kuma janye shi idan lokacinsa ya yi.

Daga Bunu, bafataken fata, wanda ke zaune yanzu a gidan mahaifiyarsa cikin birnin Haɗeja, zuwa ga Gumsu ta Guri, farin badon da ke buɗewa da hantsi, ruwan randa a bakin mai azumi, gaurakata mai tafiyar ƙasaita ko da a cikin laka ne. Ya sanyin idona, ya wadda sunanta ya raka ni har inda raƙumi ya durƙusa ya ƙi tashi! Gaisuwa gare ki mai yawan tsuntsayen da ke sauka bayan garinku idan ruwa ya fara ja, da yarda, da aminci, da godiya irin wadda takarda ba za ta iya ɗauka ba sai dai ta ɗan tsakura.

Na san a gaban Goggo Gana za a warware wannan takarda, tunda ita ce mai karanta wa matan unguwarku. Goggo, ina gaisuwa, ina kuma neman alfarma: ki karanta duka, kada ki tsallake inda kika ga na zuba kamar yaro. In dariya ta kama ki, ki yi abarki, na yafe tun daga nan.

Gumsu, na dawo. Na ɗan jima da dawowa ban aiko miki ba, dalili kuwa gara ki ji shi tun daga bakin ƙofa: ban dawo cikakke ba. Babban yatsan ƙafata ta hagu da na kusa da shi na baro su a wata ƙasa. Ɗingishi nake yi, ba na jure doguwar tafiya, laka kuwa ban san ko zan ƙara shiga ta yadda kika saba ganina ba. Tambayar auren da na ce zan yi miki in Allah Ya dawo da ni tana nan a bakina, ko kaɗan ba ta tsufa ba, mai tambayar ne ya canja. Amma kafin in yi ta bari in gode miki tukuna, domin ke kika fito da ni daga inda na baro yatsun nan, ke da ba ki taɓa wuce Nguru ba.

Kin tuna ranar da muka fara magana? Ni dai ko daga barci aka tashe ni zan faɗe ta tiryan-tiryan. Lokacin ɗari ne, ruwa ya ja daga fadamar bayan Guri ya bar laka shimfiɗe har iyakar gani, samanta ya bushe ya tsattsage. Na zo garinku sayen fatun awaki, na hango ki can tsakiyar fili da sanda da ƙwarya kina haƙar gaiwa, kifin nan da ke binne kansa cikin laka ya yi ta barci har damina ta dawo. Hanya tana nan ta zagaya, kowa ita yake bi. Ni kuwa ɗan birni, sabuwar riga a wuya, na ga zagaye ɓata lokaci ne, na yanko kai tsaye wajenki ina gyara hula. Ƙasar ta ɗauke ni 'yan taku kaɗan don ta ja ni ciki sosai, sannan ta buɗe baki. Kafin in ce innalillahi na nutse har ƙugu, ina fafutuka tana ƙara haɗiye ni.

Ba ki yi ihu ba, ba ki kuma yi sauri ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan a lokacin. Kika tako a hankali kina ƙwanƙwasa ƙasa da sanda, kika tsaya nesa kaɗan kika ce, “Malam ɗan birni, daina rawa, kwanta.” Na ce rigata fa? Kika ce in zaɓa, ko rigar ko mai rigar. Na kwanta rub da ciki kamar masunci a kan gora, kika miƙo sandar, kika jawo ni sai ka ce kin kamo ƙatuwar tarwaɗa. Sai da kika ga na miƙe tsaye sannan kika saki dariyar da kika riƙe, har kina dafa gwiwa. Wallahi Gumsu, a cikin dariyar nan na yi nutson da har yau ba na neman a miƙo mini sanda. Rigar kuwa ba ta ƙara yin fari ba, Inna ta gaji da wanki ta mayar da ita tsumma.

Daga ranar na zama mai yawan sayen fata a Guri, har mahautanku suka fara tambayata ko awakin Haɗeja sun ƙare. Ke kuma kika ga tunda ba zan daina zuwa ba, gara ki koya mini yadda ba zan mutu a hanya ba. Kika yanko mini sanda, kika ce kada in ƙara ɗora ƙafa inda ita ba ta riga ni zuwa ba. Kika nuna mini lakar da ta tsage da faɗi ta yi fari-fari, wadda ke ɗaukar jaki da kayansa. Kika nuna mini mai sheƙi, sumul kamar an shafe ta da hannu, kika ce wannan ce mayaudariya, kyanta ne tarkonta. Kika sa na kasa kunne: in sanda ta ce ƙwas, taka; in ta ce dum kamar ganga, to akwai wofi a ƙasa. Ƙaramin dum ɗakin gaiwa ne, a haƙa. Babban dum kuwa a kwanta, a ja jiki baya, ba da gudu ba. Ina jin ki ne kawai don muryarki, Allah Ya sani, ban ɗauka karatun zai wuce fadamar Guri ba.

Sai ga tafiyar Tarabulus ta taso. Na bi ayari daga Kukawa da jar fata da ɗan gashin jimina, ni da Kolo, abokina mutumin Auyo, wanda kika sani da surutu. Ba zan gajiyar da Goggo da labarin rairayi da ƙishirwa ba, wannan kowane bafatake yana da nasa. Abin da ba kowa ke da shi ba shi ne abin da ya same mu gab da ƙarshen tafiya, inda akwai wasu duwatsu da sai an hau su an gangara kafin a ga teku. Mun iso su a tsakiyar ɗari. Gumsu, abin da muke ce wa ɗari a nan, wanda ke sa tsofaffi rungumar kaskon wuta, wasan yara ne. Can sanyi cizo yake yi, yana da haƙora.

Muna kan tudun, da la'asar, sai sama ta fara zubo wani abu fari, ba tsawa, ba iska, ba ƙara ko kaɗan, kamar ana shiƙar auduga daga sama. Jagaban ayarinmu, Balarabe ne, ya ce sunansa talji, ya ce ba kowace shekara yake sauka haka ba. Ni dai na ga kamar ƙanƙarar damina ce aka daka aka tankaɗe, dusarta ke zubowa. Kolo ya rantse kanwa ce irin ta bakin Chadi, har ya fara cewa mun yi arziki, ya damƙa ya kai baki, sai ya ce kai, ruwa ne ya sake riga. Muka yi ta dariya ranar. Washegari ba wanda ya yi dariya. Hanya ta ɓace, duwatsu sun lulluɓe fari fat kamar an yi musu sutura, raƙuma sun durƙusa sun ƙi motsi ko an doke su. Jagaban ya ce zai je neman mutane, ya tafi, shiru bai dawo ba. Aka bar mu mu kaɗai, Barebari da Hausawa da masu raƙuma 'yan rairayi, ba ko ɗaya a cikinmu da ya taɓa ganin wannan abu. Guzuri ya ƙare, itace ya ƙare, muka fara ƙona sirdin raƙumin da ya mutu.

Da gari ya washe, can ƙasa cikin kwari muka hango hayaƙi yana tashi, ko da yake ba mu ga gida ko ɗaya ba. Madugun ayarin ya ce wa zai sauka ya nemo hatsi? Na ce ni, domin ɗan birnin nan mai yanke hanya bai gama mutuwa a cikina ba. Kolo ya ce ba zai bari in je in ci tuwon mutane ni kaɗai ba.

To ga inda muka yi wautar da sai 'yan fadama za su yi ta. Da asuba na fita, na taka farin nan na ji shi da tauri kamar daɓen ɗaki, ko sawu ban bari ba. Na kira Kolo ya yi tsalle a kai, bai fashe ba. Sai muka zauna muka yi shawara irin tamu: in tun da asuba ya yi wannan ƙarfi, ai in rana ta dake shi zuwa hantsi, dutse zai zama. Wa ya taɓa ganin rana ta sassauta ƙasa? Ba mu muka tashi muna jiran rana ta gasa laka kafin mu taka ba? Muka jingina da kaya muna shan hantsi, muna yaba wa kanmu hankali, har madugu yana cewa Allah Ya yi wa mutanen kogi basira. Ashe a can al'amarin a juye yake. Sanyin dare ne ke ɗaure shi, rana kuwa kwance shi take yi. Mun zauna mun zuba ido hanyarmu tana narkewa muna murna.

Muka tashi da rana ta ɗaga, muna jan ƙirgi guda, busasshiyar fatar sa, wadda za mu ɗoro hatsi a kai. Ba mu yi nisa ba ƙafa ta fara shigewa, daga idon sawu zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa cinya. Takalmana suka jiƙe sharkaf, tun ina jin zafin sanyin har na daina jin komai, na ɗauka sauƙi ne ya zo. Da na nutse har ƙugu, ina fafutuka yana ƙara ja na, sai na ji muryarki, wallahi kamar kina tsaye a bayana da ƙwaryarki: daina rawa, kwanta. Na kwanta. Na jawo jiki na fito. Na kwance sandar da kika yanko mini, wadda na ɗaure a bayana tun daga Guri don kawai hannunki ya taɓa ta, na ce yau kuma aiki za ki yi. Muka yanki gefen ƙirgin, faɗin faifai, muka ɗaura a tafin ƙafa don nauyinmu ya bazu, na shiga gaba ina ƙwanƙwasawa.

Sai ga shi farin nan ma yana da karatu, kuma bai yi nisa da naki ba. Wanda rana ta fuskanta ya zama kamar kunun da ya kwana, jiƙaƙƙe, mai nauyi, yana riƙe ƙafa. Na bayan dutse, inda inuwa take, gari ne tankaɗaɗɗe, sanda na shigewa har hannu ba ta taɓo komai ba. A kan doron tudu, inda iska ta share, siriri ne mai tauri, sanda ta ce ƙwas, nan muka riƙa bi ko da ya zagaya da mu nesa. Kolo ya gaji, ya ce na zama makaho mai lalube, rana za ta faɗi muna gaisawa da ƙasa. A gabanmu kuwa ga wani fili da iska ta kwaso farin ta tara, ta shafe shi sumul yana sheƙi, ya miƙe kai tsaye wajen hayaƙin. Kolo ya wuce ni ya hau kai yana waƙa.

Na kai bakin filin, na ɗaga sanda na buga. Dum. Babban dum, Gumsu, irin wanda na ji shi har cikin haƙorana. Ban san lokacin da na ƙwala masa kira na ce ya kwanta ba, shi kuma, Allah Ya yi masa albarka, karo ɗaya a rayuwarsa bai tsaya gardama ba, ya juyo wajena ya zube rub da ciki. Yana kaiwa ƙasa tsaga ta ratsa filin kamar an yage zane, duk abin da ke bayansa ya rufta ya tafi da ƙara irin ta katangar da ruwan sama ya ci. Ashe leɓen kwazazzabo ne farin ya rufe, ba ƙasa a ƙarƙashinsa ko kaɗan. Kolo yana kwance, ƙirjinsa a kan abin da ya rage, ƙafafunsa suna lilo a kan wofi. Na shimfiɗa ƙirgin, na kwanta a kai, na ja ciki a hankali, a hankali, yadda kika tako gare ni ran nan ba tare da sauri ba, na miƙa masa sandarki. Da na jawo shi muka leƙa, zurfin wajen ya fi tsawon giginya, duwatsu ne tsirara a ƙasa.

Yanzu bari in gaya miki abin daɗin, don kada Goggo ta jiƙa takardar da hawaye. Da muka zagaye kwazazzabon, muka iso wata gangara mai faɗi, sanda tana taɓo ƙasa ko'ina, ƙarshenta daidai inda hayaƙin yake. Ƙafafuna sun riga sun zama itace, rana kuma ta karkata. Sai na ce wa Kolo ai muna da jirgi. Muka zauna kan ƙirgin, ni a gaba, shi ya riƙe ƙuguna, na kafa sanda a gefe kamar mai tuƙi a kogin Haɗeja, muka tura. Ya Gumsu, ina ma kina nan! Ban taɓa sanin ɗan Adam zai yi gudu haka ba doki a ƙarƙashinsa ba. Farin yana tashi ta gefe biyu kamar ruwa a hancin kwale-kwale, iska tana kwashe hawaye daga idona tana kaiwa kunne, in na danna sanda dama mu karkata dama, in na danna hagu mu bi hagu. Kolo yana salati yana dariya a haɗe. Ni kuwa, Goggo ki yafe, sunanki na kira da iyakar ƙarfina, duwatsun ƙasar da ba su san ki ba suka yi ta maimaita shi. Wata bishiyar zaitun ce ta tsayar da mu, ba da ladabi ba.

Muna kwance muna nishi sai ga mutane suna fitowa daga cikin ƙasa kamar gaiwa ta ji damina. Ashe shi ya sa ba mu ga gida ba: rami suke haƙawa mai faɗin tsakar gida, su sassaƙa ɗakuna a jikin bangonsa, su zauna ciki da iyalinsu da awakinsu. Musulmi ne, suka amsa mana sallama, suka ɗauke mu ciki. Washegari tun da asuba, lokacin da farin yake ɗaure, mazansu suka hau da sha'ir da itace, ba rai ko ɗaya da ya salwanta a ayarinmu, har jagaban ma a wani ƙauyensu aka same shi. Ni dai ƙafata ce ta biya. Kafin masu gidan su ankara, Kolo don ƙauna ya jawo ƙafafuna ya kara su a bakin wuta, yadda muke yi wa mai jin ɗari a gida. Wata tsohuwa ta shigo ta gani, ta make masa hannu tana faɗa da harshensu, ta sa ƙafafuna cikin ruwa mai ɗumi kaɗan, ta yi ta shafa musu man zaitun. Ta dama ta dawo. Ta hagu, wadda ta fi kusa da garwashin, yatsu biyu suka yi baƙi, wani wanzami a Tarabulus ya raba ni da su. Kada ki riƙe Kolo a rai. Har yau in ya ga ina ɗingishi sai ya kau da kai, ni nake rarrashinsa.

To ki gaya mini, ya ke fitilar zuciyata, da wane baki zan gode miki? Wa ya sa ki tsaya ran nan ki koya wa wawan ɗan birni sauraron ƙasa, alhali gaiwarki tana jiran haƙa? Wa ya gaya miki akwai wani dutse a bayan rairayi da ke jiran Kolo da baki buɗe? Na gode wa Allah da Ya halicce ki mai haƙuri da jinkirin taku. Na gode wa taɓon Guri da ya kunyata ni a gabanki, da bai kunyata ni ba da yanzu ƙasusuwana suna ƙarƙashin wani kwari da ba wanda zai san sunansa. Na gode wa dariyarki, na gode wa faɗanki, na gode wa hannun da ya yanki sandar nan ya kankare mata ƙaya. Matar Kolo tana goyon ɗa yanzu wanda zai tashi ya san ubansa, ita ma ba ta san wa za ta gode wa ba, na ce mata wata mai haƙar gaiwa ce a Guri. Duk numfashin da na ja tun daga ranar, rabinsa naki ne, ko kin karɓa ko ba ki karɓa ba.

Ban gama da wannan godiyar ba sai na tarar da wata tana jirana a gida. Inna Yakaka ta gaya mini tun da na tafi, duk sanda masu kifi suka zo daga wajenku sai an ajiye mata ƙunshin banda a zaure, ba suna, ba saƙo. Ta ce ba ta buƙatar suna, ta san mace ɗaya ce a duk ƙasar nan ke zare wa tsohuwa ƙaya daga kifi kafin ta ƙunsa. Ta kuma ce masu zuwa zawarci wajenki sun yi ta sintiri har sun gaji. Da na ji haka na shiga ɗaki na rufe ƙofa, ba zan gaya wa Goggo abin da na yi a ciki ba.

Wannan ne ya sa na kasa aiko miki da wuri. Na tuna abin da kika gaya mini a bakin kogi, ba cikin wasa ba, ranar da na fara taɓo maganar aure. Kika ce marigayi mijinki, Allah Ya jiƙansa, shekaru ya yi a kwance, ke ce ɗagawa, ke ce kwantarwa, ke ce nema, ba ki taɓa yi masa tsaki ba, amma kin gaji. Kika ce in za ki sake aure, sai wanda zai tashi da ke da sassafe ku shiga fadama tare, shi da kayansa ke da naki, ba wanda za ki bari a ɗaki kina waiwaye ba. Gaskiya kika faɗa, kuma kin cancanci abin da kika nema. Ni na ji da kunnena, na ce ni ne shi. Yau ban san ko ni ne shi ba. Ina iya jimar fata, ina iya ciniki a zaune, ba zan zame miki bakin ciyarwa ba. Amma tashi da sassafe a ratsa laka, ƙafar da ba ta da babban yatsa ba ta riƙe ƙasa, na gwada a bakin kogi a ɓoye, na faɗi ba sau ɗaya ba. Wataƙila ta koya, wataƙila ba za ta koya ba, ba zan sayar miki da abin da ban tabbatar ba.

Ina son ki, Gumsu, son da ya fi wanda na tafi da shi nauyi. Ina son ki zama matata. Amma na san halinki: wadda ke zare wa tsohuwa ƙaya ba za ta iya ce wa gurgu a'a ba in tausayi ya riga ya kama ta, ni kuwa ban ratso rairayi na dawo don in cuce ki da tausayinki ba. Saboda haka kada ki ba Goggo amsa ta rubuto mini. Kada ki amsa wa takarda, takarda ba ta ɗingishi.

Ranar kasuwar Guri mai zuwa zan sa mai fito ya sauke ni a mashigin garinku da hantsi. Ki tsaya a gindin tsamiyar da ke kan tudu. Daga bakin jirgi zuwa inda kike zan tako da kaina, ba sanda, ba kafaɗar Kolo, don ki ga iyakar abin da ya rage na mutumin da kika jira. In na iso zan zauna in cire takalmin, ki duba da rana tsaka, ki duba da kyau. In kin ga ba za ki iya ba, ki ce mini sannu da hanya kawai, in ce yauwa, in sayi fatuna in koma jirgi, ba wanda zai san an yi wata magana, godiyata kuma ba za ta ragu da ƙwayar gero ba. Abu ɗaya nake roƙo, shi ne kuma mafi wuya gare ki, na sani. Gangaren nan yana da santsi, mai yiwuwa in faɗi a gaban mutane. In na faɗi, don Allah kada ki taso. Ki riƙe zanenki, ki tsaya inda kike, ki ga ko zan tashi.

Naki ne ni, in kin ce to, naki ne kuma in kin ce sannu da hanya, har ranar da za a kwantar da ni a ƙasar da ba a tashi.

Bunu